Iskar da Aka Tare wa Kyaftin Entwistle

A cikin Hausawan Manchester, idan rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, Jumare ake kira. Akanta ne a wani kamfani, amma wannan neman abinci ne kawai. Aikin da ya sa ransa a kai shi ne sulhu. Shi ya shirya ɗaliban nan na unguwar Ardwick da suka daina ga maciji da juna a kan kilishin da ya yi ɓatan dabo a firji. Mutum ne da abinci ba ya yi masa daɗi muddin ya san akwai mutum biyu a kusa da ba sa gaisawa. Matarsa Raki takan ce da za a bar shi, da ya zaunar da kyanwa da ɓera ya sa su ci a kwano ɗaya, ya kuma ɗauke su hoto.

Bango ɗaya ya raba gidansu a Salford, gefen Manchester, da na wani dattijon Bature, Mista Entwistle, ɗan shekara tamanin da 'yan kai, wanda matarsa ta daɗe da rasuwa. Jumare Baba yake ce masa.

"Sunana Arthur," dattijon yakan ce.

"To, Baba."

Kowace Asabar Raki takan zuba masa mai zafi a kwano ta ba Jumare ya kai masa, tsohon kuwa ya iya cin masa, har sai ya lashe yatsu. A ɗan ɗakin katakon da ke bayan gida ake samun sa, yana ta shafa wani jirgin ruwa da ya sassaƙa da hannunsa, girmansa bai wuce ɗan akuya ba, da sandunansa da igiyoyinsa da 'yan fararen ƙyallayensa. Wata Asabar Jumare ya yi kuskuren tambayar jirgin na wane ne, sai da masar ta huce kafin a gama ba shi amsa.

Kwaikwayon jirgin kakan kakansa ne, Kyaftin Josiah Entwistle. Ɗan masaƙi ne da aka miƙa wa sojan ruwa yana ɗan shekara goma sha biyu, bai taɓa ganin ruwan da ya fi na rijiya yawa ba. A zamanin babu inji. Manyan ƙyallaye ake ɗaura wa dogayen sanduna, iska ta cika su ta tura jirgi. In ta ɗauke kuwa, sai a zauna a yi ta kallon juna. Yaron ya hau sanda ba takalmi ana tsakar hadari, ya ci biskit mai tsutsa, igwar Faransawa ta raba shi da yatsu biyu. A jirginsa na farko ya haɗu da wani yaro sa'ansa, Samuel Tranter, ɗan maƙerin maɓallai daga Birmingham. Ranar da suka haɗu suka dambace a kan wurin kwanciya, daga nan kuma ba su ƙara shiri ba. Josiah ya zama laftanar, Tranter ya biyo shi. Tranter ya sami yabo a wani yaƙi, Josiah ya ce ai shi ya nuna masa inda zai harba. Da yaƙi ya ƙare aka ajiye su duka biyu ba aiki, Josiah ya yi ta zarya a ofishin sojan ruwa a Landan har takalminsa ya huje. A ƙarshe aka ba kowannensu ƙaramin jirgi, aka tura su gaɓar Afirka ta Yamma su riƙa kama jiragen masu safarar bayi, sana'ar da Ingila ta daɗe tana ci a ciki kafin ta ce ta tuba.

"Wata safiya, kusa da Ikko," in ji dattijon, "Josiah ya hango jirgin bayi. Shi ya fara gani, Mista Jumare, shi ya fara bi. Ya kusa cim masa, sai ga Tranter ya ɓullo ta wajen da iska ke busowa, ya gitta jirginsa, ƙyallayensa suka tare iskar kaf. Na Josiah suka saki kamar shanya. Tranter ya wuce shi yana ɗaga masa hula, ya kama jirgin, aka ƙara masa girma, ya mutu yana admiral, babban hafsan sojan ruwa. Josiah kuwa gadin wani ruɓaɓɓen jirgin ajiyar kwal aka ba shi a tasha har ya tsufa."

"Mutanen da ke cikin jirgin fa, Baba?"

"Waɗanne?"

"Waɗanda aka ɗaure."

"Au. An kai su Saliyo an sake su."

"To ai alhamdu lillahi."

"Ba wannan ake magana ba," in ji tsohon da zafi. "Iskarsa ce."

Jumare ya koma gida yana juya maganar. Wataƙila a cikin ɗaurarrun nan har da wani mutumin Zazzau kamarsa, wanda bai san sunan kyaftin ko ɗaya ba, bai kuma damu da ƙyallen wa ya kumbura ba, shi dai ya ji an buɗe ƙofa. Iska kuma, a iya saninsa, ba ta da mai ita sai Allah. Amma ya daɗe a harkar sulhu, ya san ba girman abin da aka rasa ke riƙe gaba ba.

Abin da bai sani ba shi ne gabar tana nan da ranta. Admiral Tranter ma ya bar zuriya, akwai wani Mista Tranter a Birmingham, sa'an Baba, shi ma da nasa ɗan jirgin. Shekara talatin ke nan, sau biyu a shekara, suna haɗuwa a bakin tafkin wani wurin shaƙatawa, wannan karon a Manchester, na gaba a Birmingham, garuruwan da ko ƙanshin teku ba sa ji. Su saki jiragen, kowa da rimot a hannu yana juya ƙyallayensa, don a tabbatar wa duniya wane kyaftin ne ya iya tuƙi. Da lokacin na Birmingham ya zo, jikar Baba, Chloe, wadda ta saba kai shi, tana da aiki a asibiti, sai Jumare ya ce shi zai kai shi.

Suka tarar da Mista Tranter a bakin ruwa, ɗan gajere mai sanƙo da manyan kunnuwa, cikin rigar ruwa shuɗiya. Jumare ya tsaya yana jiran gaisuwa. Dattawan biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon agwagi.

"Mista Jumare," in ji Baba, "ka gaya wa Mista Tranter na ga har yanzu yana raye."

Jumare ya juya. "Baba yana gaishe ka, yana murnar ganin ka lafiya."

"Ba haka ya ce ba," in ji Tranter, "ina nan tsaye ai. Ka gaya masa da kakana ya tsaya jiran nasa, da mutanen nan sun isa Brazil har sun yi jikoki."

"Ka gaya masa ɓarawo ba ya rasa hujja," in ji Baba.

"Ka gaya masa kakansa a buge yake ranar."

Jumare bai gaya wa kowa komai ba, salati kawai yake yi a zuci. Aka saki jirage. Suka tafi a hankali kamar tsofaffin tumaki, na Tranter ya ɗan sha gaba, wata agwagwa ta shiga tsakani, na Baba ya karkata ya maƙale a ciyawa. Tranter ya ce ya ci. Baba ya ce agwagwar Birmingham ce, an san wa take wa aiki. A hanyar dawowa fuskarsa ta yi jajir, ya cinye sanwici biyu, ya zagi zuriyar Tranter tun daga admiral har jariran da ba a haifa ba. Jumare yana tuƙi yana satar kallon sa, tausayi ya kama shi. Mutum ƙafa ɗaya a kabari, yana dakon fushin shekara ɗari biyu! Idan ya mutu a haka, maƙwabcinsa me zai ce ya yi?

"Abban Khaulat, ka bar tsofaffin nan," in ji Raki da ya gaya mata shirinsa. "Wa ya kawo maka ƙara?"

"Sai gobara ta kawo ƙara ake kashe ta?"

"Ni dai ban ga hayaƙi ba. Na ga mutum yana cin abinci."

Bai saurare ta ba. Ya kira Halliru, wani injiniya Bakano da ke zaune a unguwar Aston ta Birmingham, abokin wasansa tun suna ɗalibai.

"Bazazzagi, an gama da baƙaƙe an koma kan Turawa?" in ji Halliru. "Zan zo. Ba don Allah ba, don in ga yadda za a kore ka."

Suka ɗauki Dakta Sha'aban, wani dattijon likita mai farin gemu wanda ba ya yawan magana, don a cika fuska. Su uku cikin manyan riguna suka cika ɗan falon Mista Tranter har hotunan bango suka ɓuya. Mai gida ya rasa abin yi, sai ya yi abin da Bature ke yi in ya rasa abin yi, ya dafa shayi. Ya jera kofuna da biskit. Babu wanda ya miƙa hannu.

"Ba za mu sha ba," in ji Jumare, "sai ka biya mana buƙatar da ta kawo mu."

Tranter ya dubi shayin. Ya ce ko madarar ce ta yi yawa? Aka ce a'a. Shayi ya huce, ya kwashe ya dafo sabo. Shi ma ya huce. A buta ta uku ya rasa inda zai sa kansa, don tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin baƙo ya zauna gaban shayi ya ƙi sha ba. Nan Jumare ya ga ƙarfe ya yi zafi. Ya sauko daga kujera ya durƙusa, ya cire hularsa ya ajiye a gaban ƙafafun tsohon. Tranter ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka ya miƙa masa.

"Hularka ta faɗi."

Jumare ya karɓa ya sake ajiyewa.

"Ba faɗuwa ta yi ba," in ji Halliru, yana danne dariya. "A wurinmu idan babba ya cire hula ya roƙe ka, ya ba ka duk girmansa ke nan. Ba zai mayar ba sai ka haƙura. Wannan da kake gani zai iya kwana a haka, na san shi."

"Don Allah ka ce ya tashi. Labulen a buɗe yake."

Daga durƙushen Jumare ya saki kibiyarsa ta ƙarshe. Malamai sun ce wanda ya faɗi alheri don ya gyara tsakanin mutane ba a rubuta shi maƙaryaci, shi kuwa ya daɗe yana cin moriyar wannan rangwame.

"Baba Entwistle da bakinsa ya ce mini kakanka gwanin tuƙi ne, ba a yi kamarsa ba a zamaninsa."

Tranter ya zauna a hannun kujera.

"Arthur ne ya faɗi haka?"

"Shi."

"To," in ji shi can ƙasa-ƙasa. "To. Ku sha shayin, don Allah."

Suka sha, har Dakta Sha'aban ya ƙara.

Wurin Baba bai ɗauki lokaci ba. Jumare ya ce masa Tranter ya amsa cewa iskar ta Josiah ce, an tare masa, kuma zuriyarsu na neman afuwa. Ya zaci tsohon zai yi tsalle. Sai ya ga ya ajiye ɗan burushin da ke hannunsa, ya dubi jirgin, ya daɗe.

"Ya amsa?"

"Ya amsa, Baba."

"Shi ke nan kuwa," in ji shi, da muryar wanda aka ce wa kasuwa ta tashi.

Aka haɗa su a wani wurin shan shayi na matafiya a bakin babban titin M6, tsakiyar hanya, don kada a ce wani ya bi wani. Suka yi musafaha. Baba ya ce ana ruwa. Tranter ya ce ƙwarai, jiya ma an yi. Iyakar hirar ke nan. Jumare ya ɗauki hoto ya tura wa jama'a a waya, addu'o'i suka yi ta shigowa, wani ma ya ce saura Majalisar Ɗinkin Duniya.

Da lokacin tsere na gaba ya zo, ba a yi ba. "Me za a gwada?" in ji Baba. Ɗakin katako ya sha kwaɗo. Asabar ta farko kwanon masa ya dawo da rabi, ta biyu ya dawo yadda ya tafi. Tsohon da ke fita da sassafe ya leƙa sama ya ga ta ina iska ke busowa, yanzu sai rana ta take yana cikin rigar barci, gaban talabijin, ana nuna masu toya kek. Wandonsa ya soma yi masa yawa.

Wata ranar Lahadi Chloe ta ƙwanƙwasa ƙofar Jumare. Ta ƙi zama.

"Na kai shi wurin likita, an auna komai, ba a ga komai ba," in ji ta. "Amma ba ya ci, ba ya motsi, jiya ya faɗi a banɗaki. Idan bai farfaɗo ba kafin sanyi ya shigo, dole in kai shi gidan kula da tsofaffi a sayar da gidan. Ya ce mini in na kai shi can ba zai ga sabuwar shekara ba, kuma na yarda." Ta gyara jakarta. "Na san da kyakkyawar niyya ka yi. Amma tun rasuwar kakata, mutumin nan na Birmingham ne kaɗai ke tashin sa daga gado."

Jumare ya zauna a kicin. Raki tana yanka albasa, ba ta ce ai na gaya maka ba, sai dai yadda wuƙar ke sauka a katako ya faɗa a madadinta.

"Zan je in ce musu ni na ƙirƙiri maganganun," in ji shi.

"Sai su haɗu a kanka. Ka ga ka ƙara musu zumunci."

Gaskiyarta. Saura hanya ɗaya, ita ce kuwa wadda ya fi tsoro: ya ɗauko magana mai zafi daga bakin wancan ya kawo kunnen wannan. Sunan wannan aiki annamimanci, kuma tun yana makarantar allo ya san makomar annamimi. Ya nemi mafita ta kowace kusurwa. Ya ce to idan maganar gaskiya ce fa? Sai ya tuna ai annamimi galibi gaskiya yake ɗauka, abin da ya sa take cin mutane ke nan. An yi wa mai gyara rangwamen ƙarya; bai taɓa jin inda aka yi wa mai ɓatawa rangwamen gaskiya ba, ko da ɓatawar ce magani. Ya yi tunanin tambayar liman, ya hango yadda zai fara: Malam, akwai wasu kyaftin biyu da iska. Ya fasa. Ta bangon yana jiyo talabijin ɗin Baba, ana tafa wa wani da kek ɗinsa ya tashi.

Ranar Asabar ya kama hanyar Birmingham, ya fara biyawa wurin Halliru ya zayyana masa komai.

Halliru ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai Bazazzagi, ilimi ya yi maka yawa, hankali ya yi kaɗan. Ni da kai tun yaushe muke zagin juna? Ranar da ka ji na gaishe ka da ladabi, ka tara mutane, ciwon ajali ne."

"Namu wasa ne. Nasu gaba ce."

"Wa ya gaya maka? Tashi mu je, ka ga aikin Kanawa."

Mista Tranter ya buɗe musu ƙofa da gemun kwana da kwanaki, rigar sanyinsa a birkice. A bakin ƙofa ga kwali, jirginsa na ciki, ya ce shagon sadaka zai kai. Da ya kawo shayi suka yi maza suka sha, ya yi ajiyar zuciya.

"Ko kana da wani saƙo zuwa wurin Baba?" in ji Jumare. "Kowane iri. Kada ka ji nauyi."

"Ka ce ina gaishe shi."

"Ba wani abin da ya taɓa yi maka da ke ci maka rai?"

"Arthur mutumin kirki ne."

Jumare ya dubi Halliru kamar mai neman ceto. Halliru ya tashi a hankali, ya ciro jirgin daga kwali, ya ɗaga shi wajen haske, ya rufe ido ɗaya, ya taɓe baki. Bai taɓa ganin jirgin Baba ba sai a hoton waya.

"Ba laifi," in ji shi. "An yi ƙoƙari. Amma ni a matsayina na injiniya, na Mista Entwistle ya fi wannan tsari nesa ba kusa ba. Wancan aikin gwani ne."

Kunnuwan Tranter suka soma ja tun daga sama.

"Gwani?"

"Ai a bayyane yake."

"Wannan bahon wankan?" Ya miƙe tsaye, shayi ya fantsama. "Babbar sandarsa ta yi baya! Ta yi baya da faɗin yatsa guda, shi ya sa kullum yake karkata yana shiga ciyawa kamar saniya. Tun ranar farko na gani. Shekara talatin ina kallon sa yana ɗora wa agwagi laifi!"

"Ba ka taɓa gaya masa ba?" in ji Jumare.

"In gaya masa don me? Hauka nake?"

Ya fizge jirginsa daga hannun Halliru ya rungume, yana huci. Sai kuma kunya ta kama shi, ya ce kada a kai wannan magana ko'ina. Jumare bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya sa takalmi.

Washegari da hantsi ya tsaya a ƙofar Baba da kwanon masa a hannu, ya yi istigfari tun kafin ya aikata, abin da shi kansa bai tabbata ana karɓa ba. Ya sami tsohon a kujera, bargo a gwiwa.

"Baba, jiya na je wurin Mista Tranter."

"Yana lafiya?"

"Lafiya lau. Ya ce jirginka bahon wanka ne."

Idon tsohon ya bar talabijin.

"Ya ce babbar sandar ta yi baya da faɗin yatsa, shi ya sa yake shiga ciyawa kamar saniya. Ya ce tun ranar farko ya gani, ya yi shiru yana kallon ka." Jumare ya gyara riƙon kwanon. "Wannan wallahi da bakinsa ya faɗa, ban ƙara ko wasali ba."

Tsohon ya ƙame a kujera har Jumare ya fara tunanin ko ya kashe mutum. Sai Baba ya yaye bargon.

"Makullin yana cikin butar can. Miƙo mini sandata."

Suka ratsa jiƙaƙƙiyar ciyawa, tsohon cikin silifas. Ya buɗe kwaɗon, ya hure ƙura, ya ɗauko tef da wani tsohon zanen jirgin. Ya auna. Ya goge tabarau ya sake aunawa. Jumare yana addu'a a zuci, bai ma san wanne yake roƙo ba.

"Gaskiyarsa ne," in ji Baba a hankali. Sai muryar ta tashi. "Gaskiyarsa ne, munafukin! Yana gani! Yana tsaye kusa da ni yana gani, yana cin sanwicinsa! Jininsu ne, Mista Jumare, kakan ya tare iska, jikan ya ɓoye magana. Afuwa! Ni ne ma wawan da na yarda." Ya waiwayo. "Mene ne a kwanon nan?"

"Masa ce."

Ya ci huɗu a tsaye, yana nuna sandar jirgin da ta biyar.

Kwana uku ana jin ƙarar zarto ta bango. Chloe ta zo ta same shi yana faɗa da manne, ta leƙa firji ta ga ya cinye har abin da ta ajiye wa kanta, ta fito ta tsaya a bakin shinge tana kallon Jumare. Ba ta tambaye shi abin da ya yi ba, ya kuwa gode mata a ransa. Maganar sayar da gida ba ta sake tasowa ba.

Ranar Asabar tun da safe Baba ya buga ƙofa, cikin kwat da nakatayal, jirgin a rungume. Bai yi wa Tranter waya ba. Ya ce sojan ruwa ba ya sanar da hari. Suka hau M6 zuwa Birmingham, jirgin a kujerar baya an ɗaura masa bel, kwanon Raki a cinyar tsohon. Jumare yana tuƙi zuciyarsa ba daɗi. Ya rushe sulhun da ya fi kowanne yi masa suna, ya ci amanar dattijo a cikin falonsa, ga shi kuma da motarsa da mansa yana kai wuta inda ya kashe ta. Ya duba ko zai sami nadama a ransa ya ɗan ji sanyi, ya tarar ba ta da yawa, wannan ya ƙara damun sa.

"Mista Jumare," in ji Baba da baki cike, "duk zagin da na sani na riga na yi masa, ya haddace su. Ina son sabo, wanda ba zai iya ramawa ba. A harshenku me ake ce wa irin wannan mutum?"

"A wurinmu ba a zagin dattijo, Baba."

"Ba dattijo ba ne. Tranter ne."

Jumare ya wuce wata babbar mota, ya koma layinsa. Ya ce astagfirullah a hankali.

"Ka ce masa: kifi na ganin ka, mai jar koma."

"Me ke nan?"

"Wato masunci ya zo da jar raga yana zaton ya ɓuya, kifi kuwa yana kallon sa. Na gano ka, ke nan."

Tsohon ya buga cinya har masa ta yi tsalle. "Da kifi a ciki! Sake faɗa."

Ya sake. Baba ya maimaita, ya kashe kalmomin ɗaya bayan ɗaya, mai na nasowa a haɓarsa.

"A'a, Baba, ba haka ba. Kada ka yi sauri. Ka ja ƙarshen, ka ɗan karkata kai, ka dube shi ta gefen ido. In ba ka yi haka ba, ba za ta shige shi ba."

"Haka?"

"Ƙara karkatawa. Yauwa. To, daga farko."